Wasannin faɗa da ƙwallo: wanne ya fi jikkata mai yinsa?

Sadauki_77:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ake yawan yi, wai duk uban da ya bar ɗansa ya shiga boksin ko judo ko tekwondo ya jefa shi cikin haɗari, amma idan ƙwallon ƙafa ne babu komai. Ni ban gamsu ba. A kowane mako ana fitar da 'yan ƙwallo daga fili a kan gadon ɗaukar majinyata, wasu sai bayan wata tara su dawo. Masu ilimin abin a cikinmu, don Allah a fito mana da hujja: wanne ya fi jikkata mai yinsa?

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam Sadauki. Kafin a amsa sai an daidaita mudu, domin ba da abu ɗaya ake auna su ba. A ƙwallo ana ƙirga rauni ne a kan kowace awa 1,000 ta wasa. Binciken da UEFA ta daɗe tana yi a manyan kulob na Turai ya nuna rauni kusan 27 a awa 1,000 ta gasa, kusan 4 a awa 1,000 ta atisaye. Kulob mai 'yan wasa 25 yana samun rauni wajen 50 a kaka ɗaya, wato biyu ga kowane mutum. A rugbi na ƙwararru adadin ya kai wajen 80 a awa 1,000 ta gasa.

Su kuma wasannin faɗa yawanci ana ƙirgawa ne a kan kowace shiga fage. A MMA, wato faɗan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa, an samu kusan 23 cikin kowace shiga 100. Adadin yana da yawa, amma a tuna ƙwararren ɗan faɗa sau biyu ko uku yake shiga fage a shekara, ɗan ƙwallo kuwa yana iya buga wasa 50.

Gola_No1:
To ai ka ga nan. Faɗan minti 15 ya ba da rauni ɗaya cikin huɗu. Ƙwallo minti 90 ne, mutum 22, sau da yawa kowa ya fita lafiya lau.

Mai_Lissafi:
@Gola_No1 haka ne idan minti da minti aka gwada, faɗa ya yi wa ƙwallo fintinƙau. Amma ga wani mudun da ya haɗa kowa wuri ɗaya, ƙididdigar raunukan gasar Olamfik. A Landan 2012 tekwondo ne a sama, kusan kashi 39 cikin 100 na 'yan wasansa sun ji rauni, ƙwallon ƙafa na biye da kusan 35. A Rio 2016 tseren keken BMX, na ƙananan kekuna masu tsalle a kan tuddai, shi ne a gaba da 38, boksin 30. A Tokyo boksin da tseren BMX sun yi kunnen doki a 27, karate 19, ƙwallon hannu 18. Wato ƙwallo da keke ba su yi nisa da masu naushi ba.

Likitan_Wasanni:
Alƙaluman Malam Mai_Lissafi daidai ne, sai dai suna ɓoye wani abu. A cikin wannan ƙirga, fashewar gira da aka yi wa ɗinki huɗu rauni ɗaya ne, zubar jini a cikin ƙoƙon kai ma rauni ɗaya ne. Yawan rauni daban, muninsa daban.

Jami'ar Alberta ta Kanada ta duba bayanan likitocin fage na birnin Edmonton daga 2000 zuwa 2013. 'Yan MMA da suka fita da wani rauni kusan kashi 59 ne, 'yan boksin kusan 50. Amma waɗanda suka suma: boksin kusan 7, MMA kusan 4. Na MMA galibi yanka ne da ƙujewa da kumburi da jinin hanci, abin da ke tayar da hankalin mai kallo amma ya warke a mako biyu ko uku. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta warkewa irin na fata.

Ummu_Hanan:
Likita ban gane ba. Safar hannun boksin ta fi kauri nesa ba kusa ba. Ta yaya za a ce ta fi illa?

KociBala:
Hajiya, safar ta mai naushi ce, hannunsa take karewa. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, musamman wanda ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, shi ne ke karyewa idan naushi ya sauka a karkace a kan goshi. Da an naɗe hannu da bandeji aka sa safa mai oza 8 ko 10, wato giram 227 ko 283, mutum zai iya dukan kai da dukkan ƙarfinsa har turmi 12 hannunsa bai gaza ba. Ta MMA oza 4 ce, wajen giram 113.

Sannan ki duba ƙa'idar wasan. A boksin wuri biyu kawai ake duka, kai da gangar jiki, na tsawon minti 36 a babban faɗa. Idan mutum ya faɗi ana ƙirga masa goma. Ya miƙe a takwas, idonsa na juyawa, ya ɗaga hannu ya ce lafiyarsa ƙalau, sai a ce a ci gaba. Ƙwaƙwalwar da ta riga ta bugu ita ce za ta sake karɓar naushi. A MMA babu ƙirga, da alƙali ya ga ba ya kare kansa an tashi. Kuma wani kaso na lokacin yana tafiya ne a kokawa da riƙo a ƙasa.

BaƙarƊamara:
Koci ka yi gaskiya amma kada a wanke MMA tas. Tsakanin faɗuwar mutum da isowar alƙali akwai daƙiƙa biyu ko uku, a cikinsu ana iya sauke masa naushi uku ko huɗu alhali ya riga ya suma, ƙeyarsa na buguwa da daɓe. Ga gwiwa ga ƙwauri, waɗanda babu safa a kansu. Ga karayar ƙwauri idan aka tare shuri da gwiwa: Anderson Silva a 2013, Chris Weidman a 2021, duka biyun ƙafa ta lanƙwashe a bainar jama'a.

KociBala:
Ban musa ba Yallabai. Na amsa tambayar safa ne kawai.

Likitan_Wasanni:
Bari in ƙara wa Hajiya bayani a kan abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne a cikin ruwa, ba a ɗaure take da ƙashi ba. Naushin da ya fi illa shi ne wanda ya samu haɓa daga gefe ya juya kai da sauri. Ƙoƙon kai ya juya, ƙwaƙwalwa ta makara, sai zaruruwan cikinta su miƙe fiye da kima. Akwai kuma ƙananan jijiyoyin jini da suka ratsa daga saman ƙwaƙwalwa zuwa rufinta. Idan ɗaya ta tsinke, jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Wannan shi ke kashe 'yan boksin. Shi ya kashe Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu bayan faɗansa da Ray Mancini a 1982, wanda aka tsayar a turmi na 14, daga nan hukumar boksin ta WBC ta rage faɗan kambu daga turmi 15 zuwa 12. A watan Agustan 2025 'yan boksin biyu na Japan sun rasu bayan faɗan da suka yi a dare ɗaya, a zaure ɗaya a Tokyo.

Abin tsoron shi ne mutum yana iya sauka daga fage da ƙafarsa yana magana, sai bayan minti 30 ko awa biyu ya fara amai ya sulale.

Gola_No1:
Kenan magana ta ƙare. A ƙwallo ba wanda ya shiga da niyyar sumar da ɗan'uwansa.

Fiziyo_Asmau:
Ba ta ƙare ba ɗan'uwa. Jami'ar Glasgow ta fitar da bincike a 2019 a kan tsoffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sukotland sama da 7,000. An samu cewa haɗarin mutuwarsu ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Da aka bi diddigi, 'yan baya sun fi shiga haɗarin, masu tsaron gida kuwa ba su bambanta sosai da sauran mutane ba. Wa ya fi sa kai a ƙwallo? Ɗan baya. Shi ya sa hukumar ƙwallon Ingila ta hana koyar da sa kai ga ƙananan yara a atisaye tun 2020.

Ga kuma gwiwa. Jijiyar ACL da ke tsakiyar gwiwa tana tsinkewa ne galibi ba tare da kowa ya taɓa ɗan wasa ba. Ƙusoshin takalmi sun kama ciyawa, jiki ya juya, gwiwa ta faɗa ciki, sai a ji ƙas. Tiyata, sannan wata 9 zuwa 12 na gashi da motsa gaɓa, kuma da yawa suna gamuwa da ciwon gaɓa tun ba su tsufa ba. Mata sun fi maza kamuwa da ita.

Gola_No1:
Na karɓi gyara a kan sa kai. Amma Anti, gwiwa ana gyara ta.

Fiziyo_Asmau:
Ana gyarawa, kuma ana iya rage aukuwarta. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 ne: gudu a hankali, ƙarfafa ciki da bayan cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira daga tsalle gwiwa na kallon yatsun ƙafa. Ƙungiyoyin da ke yinsa aƙalla sau biyu a mako raunukansu suna raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Matsalar kawai ba a dagewa a kansa.

ƊanJudo:
Ana ta boksin da MMA kamar su kaɗai ne wasannin faɗa. Judo babu naushi babu shuri. Tai chi har tsofaffi ake koya wa don rage musu faɗuwa. Bai kamata a zuba su a buhu ɗaya ba.

Tsohon_Alƙali:
Ɗana, judo ma yana da nasa tabon. A Japan, inda aka haife shi, ɗalibai sama da 100 suka rasu a judon makarantu cikin kusan shekara 30 daga 1983. Yawancinsu sababbin shiga ne, kuma abin da Likita ya bayyana ne ya kashe da yawa, ƙeya ta bugi tabarma. Kayen da ake kira osoto-gari, inda ake share ƙafar mutum ya faɗi ta baya, ya fi fitowa a cikin waɗannan labarai. Faransa tana da ɗimbin yara masu judo, amma ba a san ta da irin wannan asarar ba, domin a can ba a barin kowa ya koyar sai mai takardar shaida. Wasa ɗaya ne, hannun da ke koyarwa ne ya bambanta.

ƊanJudo:
Gaskiya ne Baba, kuma maganinsa sananne ne: ukemi, wato koyon faɗuwa, kafin a koyi kayarwa. Ana farawa ne daga kwance. Haɓa a manne da ƙirji, ido na kallon ƙullin ɗamara, a mari tabarma da dukkan hannu tun daga kafaɗa, a ɗan ware shi daga jiki kamar digiri 45. Daga nan a zaune, sai a tsugune, sai a tsaye, sai ana tafiya. Baya, gefen dama, gefen hagu, sannan mirginawa ta gaba. Kurakurai biyu ne ke kawo matsala. Na farko sakin wuya, kai ya yi baya ya bugu. Na biyu miƙa hannu a tokare ƙasa, nan ne wuyan hannu ke karyewa ko gwiwar hannu ta goce ko ƙashin wuya ya tsage. Mai kayarwa kuma wajibi ne ya riƙe hannun rigar abokinsa ya ɗaga sama har ya sauka, kada ya sake shi. Sabon shiga bai kamata a haɗa shi da wanda ya fi shi nauyi sosai ba, kuma ba ya shiga gwabzawa sai faɗuwar ta zama jiki, abin da ke ɗaukar watanni.

An kuma haramta kayen almakashi, kani-basami, bayan ya karya ƙafar Yasuhiro Yamashita a 1980.

BaƙarƊamara:
A jiu-jitsu na Brazil abin da ke ceton mutum shi ne bubbuga hannu don sallamawa. Murɗar gwiwar hannu tana ba da zafi kafin ɓarna, mutum ya sami damar sallamawa. Murɗar dunduniya ba haka take ba: ana riƙe diddige ne a juya, ƙarfin ya tafi gwiwa, jijiya ta tsinke kafin zafi ya iso. Shi ya sa IBJJF, babbar hukumar shirya gasannin jiu-jitsu, ba ta yarda da ita ba sai a 2021, kuma ga manya masu ɗamara ruwan ƙasa da baƙa kawai, a gasar da ba a sa riga. Shaƙewa kuma, idan an matse jijiyoyin wuya biyu, wajen daƙiƙa 10 ta isa mutum ya suma. Da hannunsa ya saki a sake shi nan take.

Ummu_Hanan:
To idan yaro zai yi boksin ko tekwondo, hular kariya ba ta wadatar ba?

KociBala:
Tana hana yanka da kumburi da karon kai da kai. Ba ta hana kai juyawa, kuma juyawar ce matsalar. Tana ƙara wa kai faɗi, tana tare gani ta gefe, tana sa yaro ya ji kamar ba abin da zai same shi. Hukumar boksin ta masu son wasa, wato waɗanda ba ƙwararru ba, ta cire wa manyan maza ita a 2013, a Rio 2016 ba su sa ba. Yara dai su ci gaba da sa ta, amma kada a ɗauke ta lasisin dukan kai.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne atisaye. Faɗan gasa kaɗan ne, dukan da ke taruwa a kai a gwabzawar atisaye yake taruwa. Ki je ki zauna ki kalla. Safar gwabzawa ta manya oza 14 zuwa 16 ce, ba ta gasa ba. Kowa da robar haƙora. Ana haɗa su daidai nauyi daidai gwaninta. Koci yana tsaye a kansu, ba ya danna waya. Mafi yawan lokaci yana tafiya a buhu da faifan hannu da aikin ƙafa. Idan kika ga ana gwabzawa da ƙarfi kullum, ko ana yi wa wanda ya ce kansa na ciwo kallon rago, ki ɗauke ɗanki.

Tsohon_Alƙali:
Ƙa'idar wasa ma tana da tasiri. A tekwondo na Olamfik ɗin Paris 2024 shurin kai maki 3 ne, na juyi a kai 5, na gangar jiki 2. Ka ga an sa lada a kai, dole a nemi kai. Karate na WKF, hukumar karate ta duniya, kuwa sarrafa duka ake nema. A wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba ya shuri Sajad Ganjzadeh na Iran ya sumar da shi. Aka kore shi, aka ba wanda ya suma zinare. Mutane da yawa sun yi ta ƙorafi, ni kuwa ina ganin alƙalan sun bi doka, kuma irin wannan dokar ce ke sa iyaye su saki jiki.

Likitan_Wasanni:
Wannan ya shafi kowane wasa, ƙwallo ko faɗa. Wanda ya bugu a kai ya ji jiri, ko ciwon kai, ko gani biyu-biyu, ko ya kasa faɗin turmin da ake ciki, ya gama wasa a ranar. Ba sai ya suma ba, yawancin masu girgizar ƙwaƙwalwa ba sa suma. A kai shi asibiti da gaggawa idan yana amai a kai a kai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko wani sashen jiki ya yi sanyi, ko ya yi farfaɗiya. Idan yana kukan wuya kada a ɗaga shi.

Komawa kuma hawa-hawa ne. Hutun awa 24 zuwa 48, sai tafiya ko keken tsaye, sai atisaye shi kaɗai, sai da abokai ba tare da karo ba, sai cikakken atisaye bayan likita ya sa hannu, sannan gasa. Kowane mataki aƙalla awa 24. Wanda aka sumar a boksin ana dakatar da shi aƙalla kwana 30, kuma ya kamata hakan ya haɗa da gwabzawar atisaye, wanda nan ne ake yawan ha'inci.

Fiziyo_Asmau:
Akwai haɗarin da ƙwallo ba ta da shi sam, ba wanda ya ambata: rage nauyi kafin awo. Mutum ya ƙaurace wa ruwa, ya shiga ɗakin tururi, ya sa rigar leda ya zubar da kilo 5 ko fiye cikin kwana biyu. Ƙoda na wahala, gishirin jini na rikicewa, zuciya na iya tsayawa. A 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka rasu a Amurka cikin 'yan makonni ta wannan hanya. Yang Jian Bing na Sin ya rasu a 2015 yana shekara 21, daga nan ONE Championship, mai shirya faɗan MMA, ta fara gwada fitsari don tabbatar da akwai ruwa a jiki. Yaro mai girma bai kamata a sa shi wannan ba ko kaɗan, ya yi wasa a nauyinsa.

ƊanJudo:
Ƙananan abubuwa biyu. Kunne idan ya kumbura da jini a kai wa likita ya zuƙe ya danne shi cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ya daskare ya nannaɗe har abada. Tabarma kuma a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum, mai kora ko ƙurji mai ruwa ya zauna a gefe har ya warke.

Sadauki_77:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abin da na fahimta, judo da karate da jiu-jitsu a hannun koci nagari ba su fi ƙwallo ko rugbi haɗari ba. Boksin ne na kasa yanke hukunci a kansa.

Likitan_Wasanni:
Ni a kan yara na yanke. Ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya a 2011 cewa kada yara su yi boksin, kuma ina tare da su. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana yadda tsoffin 'yan boksin ke rawar jiki da sarƙewar harshe. Su koyi buhu da aikin ƙafa, ban da dukan kai.

KociBala:
Likita a nan mun rabu. Boksin na masu son wasa turmi uku ne, ga likita a gefe, ga alƙali mai saurin tsayarwa. Ba daidai ba ne a auna shi da turmi 12 na ƙwararru. Idan dukan kai ne ma'auni, rugbi da ƙwallon Amurka fa? Cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sakamakon yawan bugun kai, da likita Bennet Omalu ya bayyana a 2005 a ƙwaƙwalwar Mike Webster ya gan ta, ɗan ƙwallon Amurka, ba ɗan boksin ba.

Gola_No1:
Waɗannan karo ne ke zuwa a cikin neman ƙwallo. A boksin kan shi ne ƙwallon.

Mai_Lissafi:
@KociBala kafin a ci gaba, ka ba mu adadi. Ɗan shekara 14 da ke zuwa atisaye sau uku a mako, turmi nawa na gwabzawa da dukan kai kake ganin ya dace ya yi a wata, kuma da safa mai oza nawa?